Faifai ya maƙale a kwamfuta mai tsaga: ka saurara kafin ka zura komai

Kwamfutocin tebur masu haɗiye faifai ta tsaga, waɗanda ba su da farantin da ke fitowa, yawanci tsofaffin iMac ne da Mac mini. Apple ya daina saka na'urar faifai a Mac mini a 2011, a iMac kuma a 2012, amma na gwanjo irin waɗanda ake samu a Tip Toe Lane da ke Circle a Accra har yau suna aiki a shagunan buga takardu na Nima da Mamobi. Akasarinsu ba su da 'yar hudar nan da ake zura waya a ciki faifai ya fito, don haka sai da dabara.

Danna maɓallin Eject, ka kara kunne a jikin tsagar. Abin da ka ji shi zai nuna maka inda matsalar take.

Idan shiru ka ji, na'urar ba ta samu umarni ba ne. Rufe duk manhajar da ke karanta faifan, ka sake gwadawa. Ya ƙi? Buɗe Terminal, manhajar rubuta umarni ta Mac, ka rubuta drutil eject, ka danna Return. In ya sake ƙi, kashe kwamfutar, ka danne linzami, ka kunna ta ba tare da ka saki ba har faifan ya fito. Linzami mai waya za ka yi amfani da shi, domin na Bluetooth sau da yawa ba ya haɗuwa da wuri. A Windows kuwa, danna maɓallin dama na linzami a kan alamar faifan a File Explorer ka zaɓi Eject. In bayan dumsor, wato ɗaukewar wutar lantarki, ne abin ya faru, zare wayar wuta ta iMac daƙiƙa 15, mayar, jira daƙiƙa 5, sannan ka kunna.

Idan kuwa ka ji tana ƙoƙari, ta yi ƙas-ƙas, ta turo faifan sannan ta sake haɗiye shi, to wani abu ne ya tokare hanya. An ƙera na'urar don faifai mai faɗin santimita 12 da kaurin milimita 1.2. Faifan biki ko na wa'azi da aka manna wa takarda a bayansa ya wuce wannan kauri, ga shi zafin cikin kwamfuta yana ɗaga gefen takardar. Haka faifan da ya sha rana ya lanƙwashe. Wani lokaci kuma bakin tsagar ne ya ɗan matse, ko ƙurar hunturu ta daskare a jikin hannuwan da ke turo faifai.

A nan ku zama biyu, don iMac mai inci 27 ya kusa kilo 14. Shimfiɗa tawul a tebur, ɗaya ya karkata kwamfutar tsagar ta kalli ƙasa, ɗayan ya danna Eject. Bai fito ba? Samu kati na takarda mai ɗan tauri, irin na gayyatar suna, ka zura shi santimita 2 ko 3 kawai, ka sake dannawa. Katin zai zame wa faifan hanya ya tsallake leɓen tsagar. Da zarar gefensa ya leƙo, kama shi da yatsa biyu ka ja a hankali. Ka ji ya cije, to har yanzu yana kan sandar da ke juya shi, saki.

Wuƙa, tsinken gashi da hantsaki, duk a'a. Ƙarfe yana karce idon da ke karanta faifai, kuma a CD bayanan suna dab da fuskar da ake rubuta suna, karce ɗaya a nan ya isa ya lalata hotunan biki.

Ƙaramin faifai mai santimita 8 ba ya jin Eject ko kaɗan, don hannuwan ba sa kama shi. Haka katin SD, wanda a iMac na ƙarshen 2009 zuwa 2011 tsagarsa ke ƙarƙashin ta faifai, mutum ya lalubo da hannu ya zura a ta sama. Kashe kwamfutar, zare wuta, karkata ta, ka ɗan girgiza. Ya ƙi, manna salatif mai fuska biyu a bakin siririn kati ka taɓo shi.

Idan gurzawa kake ji kamar haƙoran giya suna zamewa, daina dannawa, sai an buɗe. A iMac na ƙarshen 2009 zuwa 2011 maganaɗisu ne ke riƙe da gilashin gaba, da roba mai tsotsa ake ɗaga shi, sannan a kwance sukurori Torx T10 guda 8 na allon. A bayan allon akwai siraran wayoyi masu saurin tsinkewa, ga sashen da ke rarraba wuta a buɗe wanda yakan riƙe caji ko bayan an zare soket. Wanda bai saba ba ya kai wa mai gyara, ya gaya masa ko faifan ne ya fi muhimmanci ko na'urar. In na'urar ta mutu, ta waje mai haɗuwa ta USB tana biyan buƙata, kuma mai faranti ta fi, don tana karɓar ƙaramin faifai, tana da hudar gaggawa.