Yadda Za Ka Tsara Hanyar Keke a Intanet Ka Ɗora Ta a Na'urar GPS

Mahayin keken da ke son fita wajen garin Sakkwato, ko ta ɓangaren Wamakko ko Kware ko Bodinga, zai iya zana hanyarsa a kwamfuta tun yana gida, sannan ya bar na'urar GPS ta riƙa nuna masa inda zai karya kwana.

Ka fara da buɗe shafin Komoot ko Ride with GPS, ka zaɓi keke a matsayin abin hawa, ka saka inda za ka tashi da inda za ka tsaya. Shafin zai ja layi da kansa, ya nuna nisan tafiyar da hawa da gangaren da ke cikinta. Sai dai kada ka amince da wannan layi kai tsaye, domin waɗannan shafuka sun dogara ne da taswirar OpenStreetMap, wadda masu sa kai ke zanawa, kuma abin da ta kira hanya a ƙauyukanmu yana iya zama turbar jakuna mai yashi wadda tayar keke ke nutsewa a ciki. Saboda haka ka juya taswirar zuwa hoton tauraron ɗan'adam, ka bi layin a tsanake, ka bambance kwalta da burji, duk inda ka ga bai yi maka ba ka ja shi zuwa wata hanya. Hanyoyin fadamar Rima, waɗanda ake bi lafiya lau da rani, ruwa kan shafe su a watan Agusta, hoton kuwa ba ya faɗin wannan. Batun tsaro ma haka yake: direbobin tasha da 'yan kabu-kabu ne suka san hanyar da aka daina bi, a tambaye su.

Ka sa alama a garuruwan da za ka samu ruwan sha da mai faci, domin daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, kuma tafiyar da ba a fara bayan sallar asuba ba wahala ce.

Idan hanyar ta kammala, ka sauke ta a matsayin fayil ɗin GPX, wato nau'in fayil da na'urorin GPS ke karanta hanya daga cikinsa. Mai Garmin Edge, wato na'urar GPS da ake ɗaurawa a keke, zai haɗa na'urar da kwamfuta ta igiyar USB, ya buɗe jakar fayiloli mai suna Garmin, ya kwafa fayil ɗin cikin jakar NewFiles da ke cikinta, ya cire na'urar ya kunna ta. Hanyar za ta bayyana a sashen Courses. Ana iya aika ta kuma daga manhajar Garmin Connect ta Bluetooth. Wanda ba shi da irin wannan na'ura, wayar salularsa ta wadatar, muddin ya saka manhajar OsmAnd, ya sauke taswirar Nijeriya, ya buɗe fayil ɗin a ciki.

GPS ba ya buƙatar sabis ko data, amma sauke taswira yana buƙata, don haka a gama wannan tun da dare, a cika batir, a kuma buɗe hanyar a na'urar a tabbatar ta fara daga inda za a tashi.