Yadda zaka shirya wa gwajin tuƙin jirgin sama na lasisin PPL (lasisin tuƙi na ƙashin kai, ba na haya ba)

Ɗan uwa, idan malaminka ya sa hannu cewa ka isa a gwada ka, to tuƙi kam ka iya. Abin da mai gwajin da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta amince da shi zai duba shi ne ko za a iya barinka da jirgi da fasinja babu kowa a gefenka. A ranar shi fasinja ne, kai ne kyaftin, kuma a kan wannan zaka gina duk shirinka.

Fara da takardu tun kafin ranar ta matso. Ka sake lissafa awoyin logbuk ɗinka, wato littafin da kake rubuta tashinka, da kanka, aƙalla awa 40, ciki har da awa 10 da ka tashi kai kaɗai da kuma doguwar tafiyar nan ta kilomita 270. Takardar likita kar ta kasance ta ƙare, takardun jirgin ma ka san inda suke.

Sai tambayoyin baki. Ka tambayi nauyin mai gwajin tun da wuri kayi lissafin nauyi da daidaiton jirgi. Idan a kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta NCAT Zariya kake, ka tuna filin ya haura ƙafa 2,000 daga teku, in zafin Afrilu ya haɗu da wannan tsayin iska sai tayi sako-sako, jirgi ya ci titi da yawa kafin ya ɗaga, don haka ka buɗe littafin jirgin ka fitar da lissafin a rubuce. Ka karanta METAR (rahoton yanayi) da TAF (hasashen yanayi) da NOTAM (sanarwa ga matuƙa) na ranar. In hazon hunturu ya rufe gari har gani ya gaza ƙa'ida, ka buɗe baki kace yau ba zamu tashi ba. Wallahi wannan ba faɗuwa bace, irin hukuncin da ake nema kenan.

Wajen zagaya jirgi ka duba shi kafin tashi kar kayi gaggawa. Ka tsiyayo mai a ɗan kofin nan ka ɗaga shi sama ka duba, in akwai ruwa zaka ganshi ya kwanta a ƙasa. Man jirgi irin Avgas 100LL shuɗi ne. Ka leƙa bakin injin ma, tsuntsaye na son yin sheƙa a wurin.

A sama, kafin kowace juyawa ka waiga dama da hagu yadda mai gwajin zai ga kanka ya motsa. Juyawar digiri 45 idonka a waje, ba a kan agogunan jirgin ba. Inda yara suka fi rikicewa shi ne lokacin da zai janye maka wuta ba sanarwa yace injinka ya mutu. Nan da nan ka kama gudun da littafin jirgin ya tanada na sauka ba inji, sannan ka zaɓi fili ɗaya ka tsaya a kansa, ka lura da iska, a hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, kuma in gona ce ka bi tsawon kunya kar ka gitta ta. Bayan nan ne ceklis (jerin matakan da zaka bi), kiran neman agaji na mayday da lambar gaggawa 7700, duk kana faɗa da baki yana ji.

In tsayinka ya zame ka gyara nan take ka ci gaba, kar ka tsaya kallon fuskarsa. Haka wajen sauka, in kaga kayi sama da yawa ko gudu ya wuce, ka ba da wuta duka ka sake zagayowa, ka sanar da hasumiya, ka dawo ka jera saukar daga farko.