Kurakuran da manya ke yi da tubalan maganaɗisu na yara

Tubalan nan na roba masu launi da ke manne wa juna da maganaɗisu, irin su Magna-Tiles da Connetix da PicassoTiles, suna koya wa yaro siffofi da ƙirga da juriya, amma sai in hannunsa ne ke yin aikin. Kuskuren da ya fi yawa shi ne babba ya zauna ya tayar da katafaren bene, yaro na gefe yana kallo. Daga ranar sai ya riƙa miƙo tubalan yana cewa a gina masa, don ya ga nasa ba zai kamo wancan ba. Ku zauna kusa da shi ku gina abin da bai ɗara nasa ba sai da kaɗan. In shimfiɗa su yake yi a ƙasa, ku tsayar da bango ɗaya tak, ku ƙyale shi ya ɗora daga nan.

Wasu kuma sukan zazzage wa ɗan shekara uku kwali mai guda 100 gaba ɗaya, shi kuwa sai ya watsar ya tashi. Murabba'i (mai gefe huɗu daidai) 6 da alwatika (mai gefe uku) 8 sun isa a fara da su. Ku jera murabba'i huɗu a layi, ku sa ɗaya a dama ɗaya a hagu na na biyun, sannan ku bar yaron ya ɗaga gefunan da kansa har su haɗu su zama akwati. A nan ne yake gane cewa shimfiɗaɗɗen abu kan naɗe ya zama mai ciki da murfi, abin da zai tarar a lissafin firamare. Alwatika biyu masu kusurwar tsaye, wato irin kusurwar murabba'i, in an haɗa dogayen gefunansu suna ba da murabba'i, ya ga rabi da idonsa ke nan. Shida masu gefuna daidai kuma suna zagayewa su ba da siffa mai kusurwa shida. Sai ya ƙware a kan waɗannan a ƙara masa goma-goma.

Gini ya rushe, uwa ta yi wuf ta gyara, ko ta yi faɗa. Duka biyun asara ne, domin rushewar ita ce darasin. Mahaɗar tubali biyu tana lanƙwasawa kamar hinjin ƙofa, shi ya sa dogon bango shi kaɗai ba ya tsayuwa. Sai an rufe shi ta fuska huɗu, an kuma ɗora murabba'i a sama ya ɗaure bangwayen kafin a hau bene na gaba. Kada ku faɗa masa wannan nan take. Ku tambaye shi, "Daga ina ya fara karkacewa?" ku ba shi lokaci ya gwada. Ku duba wurin ginin ma: a kan katifa ko tabarma mai tudu da kwari komai zai faɗi ba laifin yaron. Tebur ko daɓen siminti ya fi.

Mayar da wasan jarrabawa yana kashe shi. Maimakon "Wane launi ne wannan?" sau goma, ku riƙa faɗin abin da yake yi: sama, ƙasa, ciki, gefe, wannan ya fi tsawo. Kalmomin suna zama a kansa ne saboda abin yana hannunsa. 'Ya'ya mata ma a ba su lokaci daidai da na maza.

Kada kuma wasan ya tsaya a ƙasa. Ku bar shi ya gwada a ƙofar firji, a tukunyar alminiyom, a ƙyauren katako, ya gano da kansa inda yake kamawa da inda ba ya kamawa. Ya ɗora ruwan ɗorawa a kan shuɗi ya ɗaga wa hasken taga, zai ga kore.

Sakaci mafi haɗari shi ne rashin duba tubalan. Galibin kamfanoni sun rubuta shekara 3 zuwa sama a jikin kwali. Ƙananan maganaɗisun suna rufe a cikin robar, amma tubalin da aka taka, aka tauna, ko aka bari a rana yana iya tsagewa, musamman na araha da ba a liƙe bakinsu da kyau ba. Duk mako ku bi su ɗaya bayan ɗaya, mai tsaga a jefar da shi inda yaro ba zai kai ba, kada a liƙe da gam. Kada a jiƙa su cikin ruwa, yana shiga ya sa tsatsa. Tsumma mai ɗan laima ya wadatar. In yaro ya haɗiye maganaɗisu biyu ko fiye, suna iya jawo juna ta bangon hanji su huda shi, kuma da farko ba lallai ya nuna wata alama ba. Ko zargi kawai kuke yi, ku kai shi asibiti nan take, ku gaya wa likita maganaɗisu ne don a ɗauki hoto. Kada a sa shi amai, kada kuma a jira ya fita a bayan gida.