Yadda na toshe hujin tayar motar kwana a gefen hanya

Tayar baya ta motata, irin babbar motar nan mai gado da kicin a ciki, ta fara sacewa a inda babu mai faci kusa. Na gangara gefen titi, na ja birkin hannu, na kafa alamar gargaɗi, sannan na watsa ruwan sabulu a tayar har kumfa ya nuna ƙusa a tsakiyar inda take taka ƙasa.

Tayar ba ta da tub, kuma hujin bai kai milimita 6 ba, saboda haka ana iya toshe shi. Da a gefen tayar yake, sai dai canji. Na zare ƙusar da filaya, na goge ramin da ƙarfen da ke cikin akwatin facin, wanda ya ci ƙarfi sosai domin wayoyin ƙarfe ne a jikin tayar. Daga nan na cusa igiyar roba mai danƙo da allurar da ke cikin akwatin har saura kaɗan a waje, na fizge allurar, na yanke rarar.

Iska ce ta fi ba ni aiki, domin tayar tana ɗaukar PSI 80 a ma'aunin ƙarfin iska, nauyin da ƙananan famfuna ba sa kaiwa cikin sauƙi. Na haɗa famfon kai tsaye da batir, inji yana aiki, ina hutar da famfon idan ya yi zafi.

Toshewar ta wucin gadi ce, don haka na tafi a hankali har wurin mai faci, ya cire tayar ya liƙe ta ta ciki.