Yadda na gyara dishi-dishin hotunan Jupita

Alhamdu lillahi, hoton duniyar Jupita ya fito tas bayan ya daɗe yana zuwa mini babba amma dishi-dishi. Na'urar hangen nesata mai faɗin milimita 203 ce, tsawon fokas milimita 2032, wato f/10 (tsawon fokas a raba da faɗin na'ura), fiksel ɗin kyamarar (ƙwayar ɗigon hoto) kuma faɗinsa maikiron 2.9. Na zargi hazo, na sake daidaita madubai, ba abin da ya canza.

Ashe matsalar gilashin Barlow 3x ne, wanda ke ninka tsawon fokas sau uku. Ya kai ni f/30, hasken da ke faɗa wa kowane fiksel ya ragu ƙwarai, dole na ja lokacin ɗauka zuwa milisakan 20 na kuma cika gain, wato ƙarfin da kyamara ke ƙara wa siginar haske. A wannan tsawon, rawar iska tana shafe zanen jikin duniyar.

Ƙa'idar samun lambar f da ta dace ita ce a ninka girman fiksel sau biyar: 2.9 sau 5 ya ba da 14.5, wato kusan f/15. Sai na sa Barlow 1.5x, fokas ya koma milimita 3048. Don sanin faɗin sama da kowane fiksel ke ɗauka, na ninka 2.9 da 206 (lambar da ake amfani da ita a wannan lissafi), na raba da 3048, kowane fiksel ya ɗauki kusan arksakan 0.2 (arksakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin 3600 na digiri). Jupita mai faɗin arksakan 45 ta cika fiksel kamar 230, kuma ya wadatar.

Haske ya ninka sau huɗu, ɗauka ta sauko milisakan 5. Na rage filin ɗaukar kyamara zuwa fiksel 640×480, na tsayar da bidiyo a minti biyu domin Jupita na juyawa da sauri, sannan na haɗa firam mafi kyau na bidiyon su zama hoto ɗaya a manhajar AutoStakkert. A kula da tazarar Barlow da kyamara, don ƙara ta na ƙara girman hoton fiye da abin da aka rubuta a jikin Barlow ɗin.