Yadda za ka koma kallon tsohon Doctor Who har ka yi masa sharhi ba tare da ka gudu a kashi na uku ba

Na sha ganin mutum ya ɗauko tsohon Doctor Who da zafinsa, wai shi zai faro daga tushe sai ya ga ƙarshe, bayan kwana huɗu ka ce masa ina aka kwana, ya ce kai rabu da ni dan Allah, abun nan barci yake sa ni. Ni ma haka aka yi da ni a karon farko, saboda haka ba dariya nake wa kowa ba. Sai da na dawo masa karo na biyu tare da wasu abokaina uku sannan na gane ashe hanyar da muka bi ce ba ta ɓullewa.

Ga wanda bai san shirin ba, a gurguje: na BBC ne, an fara nuna shi ranar Asabar 23 ga Nuwamba 1963, washegarin ranar da aka harbe shugaban Amurka Kennedy, hankalin jama'a duk yana can, har sai da aka maimaita kashin farko a satin da ya biyo baya. Ya yi ta tafiya har Disamba 1989, zango 26, mutum bakwai suka fito a matsayin Dakta, daga William Hartnell zuwa Sylvester McCoy. Shi Daktan baƙo ne daga wata duniya, yana da wani akwati mai suna TARDIS, daga waje shuɗiyar rumfar wayar 'yan sandan Ingila ce ta zamanin da, ka leƙa ciki ka tarar ya fi gidanku faɗi, kuma yana kai shi duk zamanin da ya ga dama, koda yake yawanci inda akwatin ya ga dama ake zuwa. Wanda aka dawo da shi a 2005 wani zance ne daban, ba shi nake nufi ba.

Toh abu na farko, kar ka fara daga farko. Na san masu tsananin son shirin za su harare ni, amma gaskiya ce. Kashin farko na labarin farko, An Unearthly Child, wanda Waris Hussein haifaffen Indiya ya ba da umarni, Verity Lambert kuma ta shirya tana 'yar shekara ashirin da wani abu, wannan kam ka kalle shi, minti 25 ne masu kyau har yau. Amma sauran kashi ukun labarin mutanen kogo ne suna rigima a kan wa zai kunna wuta, nan ne mutane da yawa suke ajiye kayansu. Gara ka ɗan ɗanɗana nan da can tukuna. Ni da City of Death na 1979 nake fara wa mutum, Tom Baker ne Dakta, an je har Paris an ɗauka, Douglas Adams na cikin waɗanda suka rubuta, ga ban dariya ga wayo, kashi huɗu kacal. In ya zauna maka sai Genesis of the Daleks na 1975, mai nauyi ne shi, sannan Spearhead from Space na 1970, wanda shi ne na farko mai kala kuma farkon fitowar Jon Pertwee a matsayin Dakta. Sai bayan ka saba da gidan sannan ka koma baƙi-da-fari, ka fara da The Aztecs na 1964.

Abu na biyu shi ne wanda ya fi komai, in ma shi kaɗai ka ɗauka daga wannan rubutun ya isa: kashi ɗaya a zama ɗaya. Biyu in ka matsa. An gina shirin nan ne don a kalli minti 25 a jira sati guda, kamar dai yadda muke jiran finafinanmu masu dogon zango duk mako, kuma kowane kashi ana yanke shi ne daidai inda dodo ya ɗaga hannu ko aka ɗora wa Dakta bindiga, a bar yara da zulumi har sati ya zagayo. Marubutan sun san mai kallo ya manta rabin abun da ya faru, shi ya sa za ka ga an kama Dakta da abokan tafiyarsa, sun gudu, an sake kama su, sun sake gudu, wani ya tsaya ya sake bayanin abun da aka riga aka faɗa. In ka haɗa kashi shida a dare ɗaya wallahi duk wannan maimaicin zai taru ya danne ka, ka fito kana cewa ba komai a ciki, alhali da ka raba shi kwana shida da ka ji daɗinsa. The War Games na 1969 kashi goma ne, mu sati biyu muka yi a kansa, kuma babu wanda ya yi ƙorafi sai mutum ɗaya da ya saci gaba ya kalle shi duka ranar Lahadi, shi ne ya zo yana ce mana ai an ja shi da yawa. Mu dokarmu mai sauƙi ce, bayan isha'i kashi ɗaya, shayi, sai hira. In an ɗauke wuta a tsakiya, toh an ƙara mana wani zulumin kyauta kenan.

Ka tanadi ɗan littafi ko ka buɗe wajen rubutu a waya, kuma ka kunna rubutun ƙasan nan in akwai, don turancin Ingila na shekarun 1960 da sautin tsohon faifai sai a hankali. Da kashi ya ƙare, kafin kowa ya buɗe baki, kowa ya rubuta layi uku ko huɗu: me ya riƙe ni, ina hankalina ya tafi wani wajen, wa ya fi kowa iya wasa, sannan yankewar ƙarshen ta sa ina son gobe ta yi ko kuwa ko a jikina. Kar ka ba kashi ɗaya maki, ka bari labarin ya cika tukuna. Wajen samu kuwa, in kana Birtaniya tun Nuwamba 2023 BBC ta zuba kusan duka a iPlayer, dandalinta na kallo ta intanet, in ba ka can sai faifan DVD ko Blu-ray, kuma faifan ma ya fi don akwai hirarrakin waɗanda suka yi aikin a ciki.

Yanzu maganar yadda za ka yi hukunci. Sharhin da ya fi kowanne arha shi ne ka ce dodon roba ne, bango na rawa, jirgin sama jannati kamar gwangwanin madara. Eh haka ne, kowa ya gani, ba ka kawo sabon abu ba. Sai ka san yadda aka yi shi sannan sharhinka zai yi nauyi. A shekarun farko a wani matsattsen sitidiyo na Lime Grove ake ɗauka, kusan a jere kamar wasan dandamali, saboda yanka kaset ɗin bidiyo a lokacin abu ne mai tsada, shi ya sa in Hartnell ya yi tuntuɓen harshe haka nan ake barinsa ya fita. Kuma kusan duk shekara suke aiki, kashi arba'in da wani abu a zango ɗaya. Mai kallo kuma a ƙaramar talabijin mai dishi-dishi yake gani, wadda ke ɓoye zip ɗin bayan rigar dodo, mu ne yanzu da manyan allunanmu muke tona musu asiri. Don haka tambayar da za ka yi ita ce, da ɗan abun da ke hannunsu, sun iya sa ni na damu da mutanen nan? Su Dalek, dodannin shirin da Terry Nation ya ƙirƙiro, Raymond Cusick ya zana siffarsu, ai da robar zuƙe bututun banɗaki a hannu suke yawo, amma muryar nan tasu ta sa yaran Ingila ɓuya a bayan kujera. Kiɗan buɗe shirin ma ka saurare shi da kyau, Ron Grainer ne ya rubuta, amma Delia Derbyshire ce ta zauna ta yanka kaset gunduwa-gunduwa ta haɗa shi sauti bayan sauti, ba ganga ba garaya.

Wani abun da zai ba ka mamaki, tafiya cikin zamani ba ta cika zama ainihin labarin ba. Sau tari TARDIS ɗin kamar motar haya ce, ta sauke su a tasha shikenan sai ƙarshen labari. A farkon zamanin Pertwee ma an tsare Dakta a duniyarmu, yana aiki da wata rundunar sojoji mai suna UNIT da shugabanta Birgediya Lethbridge-Stewart, akwatin na ajiye a lungu. Saboda haka in ka ci karo da labarin da ya ɗauki maganar zamani da gaske, ka tsaya a kansa sosai a sharhinka. A The Aztecs, Barbara, abokiyar tafiyar Dakta, malamar tarihi ce, aka ɗauke ta a matsayin abar bauta, ta ce za ta yi amfani da wannan damar ta hana yanka mutane, Dakta ya ce mata tarihi ba ya gyaruwa, kuma a ƙarshe ba ta yi nasara ba. Mun kai sha biyun dare muna musu a kan wannan, har aka gangaro maganar ƙaddara, wani ya ce ai Daktan ma daga baya shi ne sarkin shisshigi a tarihin mutane, me ya sa a nan ya hana. Irin wannan musun shi ake nema. Day of the Daleks na 1972 ma haka, mutane sun dawo baya don su hana yaƙi ashe su ne sanadinsa.

Amma fa uzurin zamani yana da iyaka, kar son shirin ya rufe maka ido. A The Talons of Weng-Chiang na 1977 bature aka yi wa kwalliya ya fito a ɗan Sin, labarin na da daɗi, wannan kuma abun kunya ne, ka rubuta duka biyun. A The Tomb of the Cybermen baƙin mutum ɗaya da ke ciki, Toberman, hadimi ne ƙaƙƙarfa da ko magana ba a cika ba shi ba, mu da muke kallo daga nan ba sai an nuna mana ba. The Crusade na 1965 kuwa akwai Salahuddin a ciki, an rubuta shi mutum mai hankali da dattako, har ya fi Sarki Richard na Ingila natsuwa a wurare da dama, amma shi ma bature ne aka shafa wa duhu a fuska. A nan ne sharhinka zai iya faɗin abun da ɗan Landan ba lallai ya lura da shi ba.

The Crusade ɗin nan rabinsa kawai za ka gani, kashi biyu cikin huɗu, wanda ya kawo mu maganar ɓatattu. Har zuwa 1978 BBC na goge kasakasai don ta sake amfani da su, kofen da aka tura ƙasashen waje kuma wasu aka lalata, yau kashi-kashi sama da guda 90 na zamanin Hartnell da Patrick Troughton, Dakta na biyu, babu su. Abun da ya cece su shi ne masoya da suka riƙa kara rikoda a jikin talabijin suna naɗar sauti, ta haka muryar kowane kashi ta tsira. Akwai kuma hotunan da wani John Cura ya riƙa ɗauka daga allo, da zanen katun da aka yi wa wasu daga baya. Shawarata, kar ka shiga waɗannan sai ka riga ka kamu, kuma in za ka yi sharhinsu ka faɗa a fili cewa sauti da hotuna ka bi, kar ka yanke wa ɗan wasa hukunci a kan fuskar da ba ka gani ba.

Dalilin da ya sa na nace a kan ka rubuta naka kafin ka karanta na wasu kuwa, a Jos yake. Masoyan shirin na da ra'ayoyin da suka gada kaka da kakanni, misali a ƙuri'ar mujallar Doctor Who Magazine ta 2009 The Caves of Androzani ne ya zo na ɗaya, The Twin Dilemma da ke biye da shi kai tsaye ya zo na ƙarshe, in ka karanta wannan kafin ka kalla an riga an gama da kai. Toh shekara da shekaru haka aka ɗauki The Enemy of the World a matsayin labari mai sanyi, saboda kashi na uku kaɗai ya rage, wanda yawancinsa surutu ne a kicin da wani fursuna da ake tsare da shi a baranda. Sai a Oktoba 2013 aka sanar cewa Philip Morris, mai bin sawun tsofaffin finafinai, ya gano gwangwanayen fim a wani ɗakin ajiya na gidan talabijin a Jos, kashi tara da aka fid da rai da su, biyar na wannan labarin, huɗu na The Web of Fear. Mutane suka kalla suka ga helikwafta a bakin teku tun a kashin farko, suka ga Troughton na wasa biyu, Dakta da mugun nan Salamander, nan take labarin ya haye sama a idon waɗanda suka shekara suna raina shi. Mu ranar da muka zo kansa sai da muka tafa, wai ashe abun da turawa ke kuka a kai yana nan kwance a Filato yana shan ƙura.

Kashi na uku na The Web of Fear har yanzu shiru, kuma a cikinsa ne Lethbridge-Stewart ya fara bayyana, yana kanal tun kafin ya zama Birgediya. In ka zo wajen sai dai ka bi zanen katun ɗin da aka yi masa a 2021 ko hotuna da sauti. In kuma kana da kawu da ya taɓa aiki a gidan talabijin a shekarun 1970, dan Allah in ka je gaishe shi ka ce ya duba sito.