Yadda Ake Shirya Wasan Klarinet da Fiyano Mai Haɗa Kiɗan Kilasik da Waƙoƙin Zamani

Wasan da mutum biyu kacal ke yi, ɗaya na busa klarinet, wata irin sarewar Turawa, ɗaya na kaɗa fiyano, ba shi da maɓoya. Duk kuskuren da aka yi, kunne zai kama shi nan take. Idan kuma aka ce za a gwama rubutaccen kiɗan kilasik da jaz ko tango ko waƙoƙin da suka yi tashe, aikin ya ƙaru, domin kowane ɓangare da irin busar da yake so, da irin tafiyarsa. Abin da ya fi ɓata irin wannan wasa shi ne a kashe wata uku ana bitar sonata, wato dogon kiɗan kilasik mai kashi-kashi, sannan a bar waƙoƙin zamani sai ana saura mako guda, wai ai masu sauƙi ne. Ba su da sauƙi, kuma masu sauraro sun san su ciki da waje, don haka a nan ne suka fi gane sakaci.

A fara da tsawon lokaci. Kiɗa na minti 60 zuwa 70 ya wadatar, a raba shi gida biyu da hutun minti 15 a tsakani. Leɓen mai busa yana gajiya, kuma idan ya gaji sauti na sama ne ke fara zubewa. Saboda haka a sa wani gajeren kiɗa na fiyano zalla a tsakiyar kowane rabi, ko da na minti huɗu ne, mai busa ya huta ya kuma tsane kayansa.

Wajen zaɓen abin da za a kaɗa, kada a jera kilasik duka a rabin farko, zamani duka a na biyu, kamar wasa biyu ne aka liƙa. A nemi ayyukan da za su zama gada, kuma klarinet ta yi sa'a da su. Leonard Bernstein ya kammala sonatarsa ta klarinet da fiyano a 1942, ba ta wuce minti 11 ba, kuma kashinta na biyu yana da tsalle-tsallen bugu irin na kiɗan rawa. Sonatar Francis Poulenc ta 1962, Benny Goodman ne, gwanin jaz, ya fara busa ta a bainar jama'a a 1963 a zauren Carnegie da ke New York, Bernstein na kan fiyano. Joseph Horovitz ya rubuta sonatina a 1981 wadda kashinta na ƙarshe ya jingina sosai da jaz. Witold Lutosławski kuwa ya gina gajerun kiɗan rawarsa na 1954 a kan waƙoƙin gargajiyar ƙasar Folan. Idan an buɗe da ɗaya daga cikin sonatoci biyu da Brahms ya rubuta a 1894, wadda za ta ci fiye da minti 20, sai a bi ta da Poulenc ko Bernstein, daga nan a shiga Gershwin ko tangon Astor Piazzolla. Kunne zai bi hanyar ba tare da ya ji an fizge shi ba.

Yanzu ga inda sababbin shiga suka fi tuntuɓe, wato juya sauti. Klarinet da aka fi amfani da ita, ta B-filat (filat na nufin an sauke nota da rabin taki, shaf kuma an ɗaga ta da rabin taki), tana fitar da sauti ƙasa da abin da aka rubuta da taki ɗaya cikakke. Idan mai busa ya karanta C, abin da zai fito B-filat ne. Ke nan ba zai yiwu ya ɗauki takardar mawaƙi ko ta fiyano ya busa kai tsaye ba, sai an ɗaga masa kowace nota da taki ɗaya. Waƙar da ke kan F a fiyano, a rubuta masa ita a kan G. Matsalar tana fitowa ne da waƙoƙin da aka tsara a kan jita, waɗanda galibi suke kan E ko A ko D. Waƙar E za ta koma F-shaf ga mai klarinet, shaf shida ke nan, yatsu su sarƙe a banza. Mafita biyu ce. Ko a sauke waƙar gaba ɗaya zuwa E-filat, mai busa ya karanta F, ko kuma a ɗauko klarinet ta A, wadda ke sauka da taki ɗaya da rabi, sai waƙar E ta zama G, shaf ɗaya tak. Wanda zai busa ayyukan Schumann na 1849 dama yana buƙatar klarinet ta A, don haka tana nan a hannu.

Akwai wani abin lura kafin a tsayar da ki, wato notar da za a ɗora waƙar a kai. A tsakiyar zangon klarinet, tsakanin B-filat da B na rubutu, yatsu na tashi daga kusan duk ramuka a buɗe zuwa duka a rufe. Notocin da ke ƙasa da wannan mahaɗa, G da A da B-filat, su ne mafi rauni da dishewa a kayan. Idan amshin waƙa yana kai-komo daidai wurin, zai fito da gargada. A gwada matsar da waƙar sama ko ƙasa har amshin ya zauna a wuri guda. In ba yadda za a yi, mai busa ya bar yatsun hannun dama a rufe yayin da yake busa waɗannan notoci, hakan na rage tazarar motsi, yana kuma ƙara wa sautin kauri.

Waƙa idan aka cire mata kalmomi, rabin ƙarfinta ya tafi. Mawaƙi zai iya maimaita nota ɗaya sau takwas ba a gaji ba, saboda kalmomin na canzawa. Klarinet ba ta da wannan gata. Don haka kada a busa baiti huɗu iri ɗaya. Baitin farko a yi shi a zangon ƙasa, inda sautin ke da duhu da taushi. Na biyu a ɗaga shi okta guda, wato notocin nan dai amma a zangon sama. Na uku a miƙa wa fiyano waƙar, klarinet ta riƙa bi da dogayen notoci a bayanta. Minti uku zuwa huɗu ya ishi kowace waƙa. Mai fiyano kuwa ya sani shi ne ganga, shi ne bas. Hannunsa na hagu ne ke riƙe da bugu, kuma ya sassauta taka feda, domin fedar da ke ƙawata Brahms ita ce ke jagwalgwala tango.

Maganar bugu ta cancanci zama na musamman. Waɗanda suka tashi a kilasik sun saba jan lokaci da sakinsa gwargwadon numfashin jimla. A jaz da tango bugun ƙasa ba ya motsi, waƙar ce ke yawo a kansa. A yi bita da mitironom, wato na'urar ƙirga bugu, a jaz a sa shi ya buga a bugu na biyu da na huɗu kawai. A jaz, notocin da aka rubuta daidai wa daida ana busa su doguwa da gajeriya, kusan kashi biyu da ɗaya a matsakaicin gudu, suna kuma ƙara daidaituwa idan gudun ya ƙaru. A tangon Piazzolla ana yawan raba bugu takwas zuwa uku, uku, biyu, kuma ba a yi masa wancan tangaɗi na jaz ko kaɗan. A saurari rikodin na masu abin sosai kafin a taɓa takarda.

Sai kayan busa. Siririn karan da ake ɗaurawa a bakin klarinet, wato rid, yana da lambar ƙarfi. Masu kilasik sun fi amfani da 3 zuwa 4, masu jaz kan sauko zuwa 2 da rabi tare da baki mai faɗin buɗewa, don su iya lanƙwasa sauti da jan shi sama irin wanda ya buɗe Rhapsody in Blue na Gershwin a 1924. Canza baki a tsakiyar wasa yana rikita leɓe. Ya fi kyau a zauna a kan baki ɗaya da rid matsakaici, 3 misali, in kuwa dole ne a canza, a bari sai lokacin hutu. A tanadi rid huɗu waɗanda aka riga aka hore su na kwanaki, kada a buɗe sabo ranar wasa.

Fiyano ba ta iya gyara sautinta ana cikin kiɗa, saboda haka nauyin daidaitawa na kan mai busa. A tambayi mai gyaran fiyano tun da wuri ko a kan 440 ya ɗaure ta ko 442, wato yawan karkarwar notar A a daƙiƙa ɗaya. Klarinet mai sanyi tana sauka ƙasa, idan ta ɗumama ta hau. Haka nan tana hawa idan an busa a hankali, tana sauka idan an busa da ƙarfi. A ɗumama ta minti goma kafin a fito, a zo da gajeren bututun da ke bin baki guda biyu, mai milimita 65 da mai 66. Idan sauti ya hau, a zaro bututun kaɗan, kamar milimita ɗaya. Klarinet ta A da ta daɗe a ajiye a kan dandamali za ta yi sanyi, don haka a hura mata iska mai ɗumi ba tare da sauti ba yayin da fiyano ke gabatarwa.

Ruwan numfashi na taruwa a ƙananan ramukan gefe, sai a ji nota tana gurgura. A zura tsumman tsanewa bayan kowane aiki, a kuma ajiye siririyar takarda a kusa don tsotse ruwan da ke ƙarƙashin maɓalli.

A zauren, mai busa ya tsaya a lanƙwasar fiyano inda za su ga juna. Yawanci buɗe murfin gaba ɗaya ya fi, domin rufe shi yana dusashe sauti ne kawai, ba ya hana shi danne klarinet. Inda ake samun dannewa shi ne lokacin da klarinet ke tsakiyar zangonta, fiyano kuma na kaɗa notoci masu kauri daidai wurin. A sa mutum ya zauna a kujerun baya lokacin gwaji na ƙarshe ya faɗi wuraren da klarinet ta ɓace, mai fiyano ya yi musu alama ya rage hannu.

Game da haƙƙin mallaka, a ƙasashe da yawa kariya na ci gaba har shekara 70 bayan rasuwar mawallafi. Piazzolla ya rasu a 1992, Bernstein a 1990, don haka ayyukansu na ƙarƙashin kariya, haka ma kusan duk waƙoƙin zamani. Sake tsara irin waɗannan don wasan da jama'a za su halarta yana buƙatar izini, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a sayi tsarin da kamfanin ɗab'i ya riga ya fitar, a kuma tabbatar zauren yana da lasisin gabatar da kiɗa kafin a buga takardar shirin.